Metir Ɗina a Gwangwanin Tudun Zinari

Jama'a, ku gyara zama. Wannan karon ba Haula ce ta yi laifi ba, ba kuma yaron nan Rissa ba. Ni ne. Na fita gida ranar Laraba da niyyar kare ɗiyata, kuma duk abin da zai lalace a labarin nan da hannuna na lalata shi, ina cikin hankalina. Har bisimilla na yi kafin in fara.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Yunusu, tela ne ni a kasuwar Tawa, bayan rumfunan masu goro. Na yi lakwal shekara huɗu, ina karanta Hausa sarai, Faransanci kuwa sai a hankali kamar mai taka ƙaya. Matata Zaliha. Haula ita ce autarmu, shekararta ashirin da biyu, tana makarantar koyon malanta. Wato sunanta yana can. Tun da aka shiga wannan yayi na yajin aiki, yau malamai, gobe ɗalibai, kwanakin da ta yi a aji ba su kai waɗanda ta yi tana taya uwarta tsinkar zogale ba.

Akwai alkawari tsakanina da ita. Bara, da yayata ta zo da hoton ɗanta na Abijan, yana tsaye jikin motar da ba tasa ba, Haula ta same ni a rumfa ta ce, “Baba, abu guda nika roƙo. In lokaci ya yi, a bar ni in amsa da bakina.” Na ɗora hannu a kan keken ɗinki na ce na yi alkawari. Ku riƙe wannan.

Rissa kuwa ɗan Azawak ne, daga wajen Cintabaradan. Yana aiki da masu haƙar rijiyoyi, shi ke duba musu taswira. Dogo ne ƙwarai, in zai shigo rumfata sai ya naɗe kamar tabarma. Yana da ladabi, ba ya zama sai an ce ya zauna. Amma ku fahimce ni. An dai sa hannu a kan sulhu da 'yan tawayen arewa bana, to amma har yanzu mutumin arewa mai rawani, mai yawo da taswira da busol, wancan abin mai allura da ke nuna arewa, jandarma yana kallonsa sau biyu. Ni kuma sau goma.

Duk Lahadi, ranar da kasuwar Tawa ke ci, ba ni da lokacin ɗaga kai. A ranar ne Haula ke fita da 'yan ajinsu maza da mata, da wata malamarsu, su ce za su nazarin ƙasa. Ta dawo da la'asar, takalmi duk jar ƙasa, tana dariya ita kaɗai.

Ranar Litinin ta kawo mini rigarta mai ruwan ganye in rage mata hannu. Ina juya rigar, sai ga 'yar takarda ta faɗo daga aljihu, an ninke ta huɗu. Na buɗe. Ga abin da ke ciki, an rubuta da bik shuɗi:

Tudun Zinari. Daga tano mai tsatsa, 90, taki 140. Daga aduwa, 0, taki 65. Ke kaɗai na ba wannan. Kafin Juma'a. R.

Allura ta soke ni ban ji ba. Ke kaɗai! Kuma a Tudun Zinari!

Na cusa takardar a cikin hulata. Da na koma gida cin abincin rana, na tarar Haula ta zazzage akwatinta a tsakar gida, zannuwa da kallabai ko'ina.

“Inna, ba ki ga wata 'yar takarda ba?”

“Wace iri?”

“Ƙarama. Ta lissahi ce.”

“Tambayi babanki, shi ka tsince-tsince.”

“Baba, cikin rigar nan ba ka ga komi ba?”

Na ce, “Zare na gani.” Na danna hulata da kyau. Zaliha ta dube ni, ta dubi hular, ta ce, “Malam, yau da hula za ka ci tuwo, cikin wanga zahi?” Na ce mata kaina ke ciwo. Shekara ashirin da tara muna tare, ta san ƙaryata tun daga ƙofar gida, amma sai kawai ta ƙara mini miya.

Laraba da hantsi na sami abokina Ɗanjuma. Ya taɓa tuƙa motar masu rijiyoyi, yanzu yana da tsohuwar mobilet, wato ɗan babur, da tumbi. Ya karanta takardar, ya tsuke baki.

“Tela, wanga lissahin busol ne. Tis'in gabas kenan, sihiri kuwa arewa.”

“To mi anka ɓoye?”

“Ko bindigogi, ko zinari.”

“Ka hi kowa sanin babu zinari a wurin nan.”

“To saura bindigogi,” in ji shi, yana buga mobilet. Haka yake kwantar wa mutum da hankali.

Tudun Zinari yana cikin duwatsun da ke kan hanyar Barmu. Bayan babbar yunwar nan ta tamanin da huɗu aka ce wani makiyayi ya tsinci dutse mai ƙyalli a can. Rabin mazan Adar suka kwashi diga da shebur. Ni ma har da ni, na ajiye keke na tafi, ni da Ɗanjuma, muka yi rani biyu muna tonon ƙasa. Abin da muka samo shi ne tari da ciwon baya da buhu guda na duwatsu masu ƙyalli, waɗanda wani maƙerin azurfa ya duba ya ce mu ba yara su yi wasa. Tun daga lokacin ban sake taka wurin ba. Ramukan suna nan, baki buɗe, wasu sun fi tsawon mutum uku. A nan ne ɗiyata ke yawo duk Lahadi, ni ina can ina yi wa mutane aljihu.

Mun isa rana ta fara zafi. Gero an riga an girbe, sai karare a kwari, sama kuwa jan dutse da ƙaya. Tanon, wato gangar ƙarfen da muka sha ruwa a cikinta shekara goma da suka wuce, tana nan, ta huje kamar rariya. Na tsaya jikinta, na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla, na fara ƙirga taki.

Taki ɗari da arba'in ya kai ni tsakiyar fili, babu aduwa, babu ko inuwarta. Ɗanjuma ya ce in matsa, ƙafafuna na kaza ne. Shi ya gwada, ya ɓace a wajen saba'in saboda ya tsaya yi wa wani ɗan akuya magana, ya sake, ya ƙare a bakin wani rami yana haki.

“Yaron nan ƙarya ya rubuta,” in ji shi.

Na zauna a kan dutse. Sai wani abu ya faɗo mini. Takin ba nawa ba ne, ba na Ɗanjuma ba ne. Takin Rissa ne. Ni kuwa na ɗinka wa Rissa wando da ƙaramar salla, kuma tela ba ya manta ƙafar da ta cinye masa yadi. Daga ƙugu zuwa idon sawu, ɗari da goma sha biyu.

Na zaro metir ɗina na awo daga wuya. Duk Tawa an san shi, rawaya ne, bakinsa ya taɓa tsinkewa na ɗinke shi da jar fata. Na auna takina, na auna ƙafata, na yi lissafi a ƙasa da tsinke, na karya karan gero daidai takin mai irin wannan ƙafa. Muka dinga kifa karan muna ƙirgawa, ni a duƙe, Ɗanjuma yana biye yana cewa, “Da haka munka yi aiki wancan karon, da yanzu muna Makka.”

A na ɗari da arba'in kaina ya bugi reshen aduwa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na manta da bindigogi, na manta da tsoro. Muka juya arewa, sittin da biyar, har da gudu-gudu. Karan ya ƙare a gindin wasu duwatsu uku da aka jingina, nesa kaɗan da bakin wani rami da Ɗanjuma ya rantse namu ne. Na ɗaga dutsen sama. Ga gwangwanin madara babba, an naɗe shi da leda.

“Kar ka buɗe!” in ji Ɗanjuma daga bayan aduwa. Ban san lokacin da ya koma can ba.

Na buɗe. A cikin murfin an manna takarda: Wanda ya samu, ya rubuta sunansa. Ya ɗauki abu guda, ya bar abu guda. Ya mayar yadda ya tarar.

Babu bindiga. Akwai alewa biyu da suka narke, da cokalin shayi, da guntun cuku, da hoton wani ɗan ƙwallo, da maɓallai. Maɓallaina! Irin na sadaf ɗin nan da nake ta zargin ɓera. Sai ƙaramin kaye, littafin rubutu na 'yan lakwal, cike da sunaye da kwanan wata. Ashe wasa ne. Wani ya ɓoye gwangwani, ya ba da lissafi, saura su nema, wanda ya samu ya sake ɓoyewa a wani wuri. Yara sun rasa aji, sun mai da ramukan wahalarmu wurin karatu.

Na ga hannun Haula a wurare da yawa. Wani wuri ta rubuta: Na riga maza duka. Na ɗauki alewa, na bar maɓallin Baba, Allah ya sa bai ƙirga ba. Wani wurin kuma: Babana ya yi tono a nan. Bai samu komi ba, amma ya koma gida da ƙafafunsa, mun gode Allah. Na daɗe a kan wannan layin. Ban taɓa sanin ta riƙe abin a ranta ba.

Da a nan na rufe gwangwanin, da yanzu ina barci lafiya.

A can ƙasa akwai 'yar jakar fata, ja da kore, irin ɗinkin matan Azawak. An rubuta HAULA a jiki. Na kwance. Sarƙa ce ta azurfa, da takarda, amma rubutun ba boko ba ne, ba ajami ba. Da'ira, ɗigo, sanda, gicciye, layi bayan layi.

Ɗanjuma ya leƙo ta kafaɗata. “La ilaha illallahu. Tela, asiri ne. Da sunanta a kai! Tana sa wa a wuya, shi kenan, sai dai ka ji ta a Tasara tana tatsar raƙumi.”

Na san rubutun Buzaye ne, na sha ganinsa a jikin duwatsu da kan azurfa. Amma sanin rubutun wane ne daban, sanin abin da ya ce daban. Tsoron da ya tafi ya dawo da ƙannensa. Na ce zan tafi da ita in nuna wa wanda ya iya, in babu komai in maido kafin Juma'a. Na sa jakar a aljihu.

“To bar wani abu,” in ji Ɗanjuma.

“Ni ba wasa na zo ba.”

“Ba ka karanta murhi ba? Wurin ga ba kango ba ne, da masu shi. Mun tone musu gida rani biyu ba mu ba su komi ba. Ka ɗauka ba ka bari ba, su biyo mu, kuma ni ke gaba a mobilet.”

Na laluba aljihu. Goro rabi, na riga na ciza. Carbi, ba zan bar shi a rami ba. Sai metir da ke hannuna. Na ce ai kwana ɗaya ne. Na naɗe shi, na sa a gwangwani, na mai da duwatsu yadda na tarar.

Alhamis mobilet ta ƙi tashi. Mutumin da na sani mai karanta irin wannan rubutu ya tafi ƙauye. Juma'a aka kawo mini ɗinkin biki, ina awo da igiya kamar mai haƙar rijiya. Jakar tana ƙarƙashin keke. Haula kuwa kwana biyu ko dariyar nan babu.

Asabar da hantsi ina karyawa sai aka yi sallama. Dattawa uku, rawuna har ido, manyan riguna masu shuni. Babbansu ya ce sunansa Attahir, ƙanen mahaifin Rissa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Suka ajiye sukari da ganyen shayi da cuku mai yawa a cikin tabarmar kaba. Muka gaisa, muka sake gaisawa, aka tambayi gida da dabbobi da gajiya. 

Sai Attahir ya sa hannu a riga, ya fito da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ya buɗe shi a hankali da hannu biyu. Metir ɗina ne, da jar fatarsa.

“Malam Yunusu,” ya ce, “mun san hanya, mun san wajen 'yan'uwanka za mu bi. Yau godiya munka zo. Yaronmu ya rubuta ma ɗiyarka cewa in ta yarda ya turo manya, ta ɗauki azurfa ta bar wani abu na gidanku. In ya tarar da azurfa, ya gane, zai bi masu rijiya arewa shekara biyu, ba zai sake damunta ba. Jiya ya tahi yana rawar jiki. Yana tsammanin maɓalli.” Ya ɗaga metir ɗin. “Sai ya tarar da abin da uban yake ci da shi. Ya ce, Kawu, ba ita kaɗai ta amsa ba, har babanta ya sa hannu. Tun jiya yaron nan bai ci abinci ba don murna.”

Sauran biyun suka gyaɗa rawuna. Ɗaya ya ce bai taɓa ganin karamci irin wannan ba.

 A bayan labulen zaure na ji an ajiye tire da ƙarfi. Na ce musu madalla, madalla, za mu yi shawara. Na karɓi metir ɗina kamar mai karɓar garwashi.

Da suka tafi na shiga ciki. Haula tana tsaye jikin turmi da zanen gida da kallabi a karkace. Zaliha tana zaune, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na cire hula, na fito da takardar farko. Na aika aka ɗauko jakar. Na faɗi komai, har karan gero.

Haula ta karanta rubutun nan mai ɗigo-ɗigo a tsaye, ashe ya koya mata. Ta karanta sau biyu. Sannan ta ɗago.

“Baba, ka karanta murhin gwangwanin?”

“Na karanta.”

“To wanda ya ɗauka shi ya amsa. Sai ka shirya, Inna ta yi maka lalle.”

Zaliha ta faɗi a kan tabarma. “Wayyo cikina! Amarya da gemu! Malam, wace atamfa za mu hidda?”

Na yi dariyar dole. Amma Haula ba ta yi ba. Ta ce a hankali, “Ka ɗora hannu bisa keke, Baba.”

Wannan ta fi allura. Na ce, “Na ɗora. Tsoro ne, ɗiyata. Ramukan nan na san su.”

“Ni ma na san su. Mun zagaye kowane da duwatsu, ba ka gani ba?”

Na gani. Ban dai lura ba sai da ta faɗa.

Ta ce abu biyu take so. Na farko, ni da ƙafata in je in gaya wa Rissa gaskiya. Na biyu, a mai da azurfar inda take, a sake tambayarta daga farko.

Na same shi a bakin ma'aikatarsu yana wanke mota yana waƙa. Da na gama bayani, ya ajiye soson da ke hannunsa. Sai ya ce, “Baba, yaya kunka gane takina?” Na gaya masa. Ya yi dariya har ya dafa mota, daga baya dariyar ta tsaya. Ya ce motar arewa Talata za ta tashi, kuma sunansa yana cikin takarda har sai ya ce a cire. Ya karɓi jakar da hannu biyu, ya ce yau zai mai da ita, ba zai koma dubawa ba sai Litinin da yamma. Ya kuma roƙe ni kada in gaya wa kawunsa tukuna, don tsohon ya riga ya aika Cintabaradan.

Jiya Lahadi Haula ta fita da 'yan ajinsu. Ta sa rigar nan mai ruwan ganye da na rage wa hannu. Kafin ta fita ta biyo ta rumfa, ta tsaya kusa da kwalbar maɓallaina tana gaishe ni, ni kuma ina fama da wani mai babbar riga da ke rantsuwa tumbinsa bai ƙaru ba. Ban ga hannunta ba.

Ta dawo da la'asar, takalmi duk jar ƙasa, ta naɗe mayafi har haɓa cikin wannan zafi. Ta gaishe ni, ta shige ɗaki. Na tambayi Zaliha ko ta ga wani abu a wuyanta. Ta ce, “Malam, ka taɓa ganin na leƙa cikin hularka?”

Yau da safe na zazzage kwalbar a kan keke na ƙirga maɓallan sadaf. Talatin da ɗaya. Sai na tuna ban taɓa sanin ko nawa ne ba tun farko.

Yanzu azahar ta wuce, Rissa yana kan hanyar Barmu. Alkawarina dai ya koma inda yake, ƙarƙashin duwatsu uku. Ko Haula ta ɗauki azurfar, ko ta bar ta a gwangwani, ni ubanta ban sani ba.